Na'urar Daidaita Wutar Lantarki Mai Karɓar Umarni ta Iska: Yadda Take Aiki da Kalmomin Bayaninta a Hausa

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin na'urar da masu gyaran waya da ɗalibai da masu sha'awar haɗa kayan lantarki suke amfani da ita wajen samar da wuta daidai gwargwadon buƙatar abin da suke gwadawa, musamman samfurinta da ake ba umarni daga wayar hannu ba tare da an jona igiya ba. An ɗauki yankin Aliero da Jega da Maiyama na Jihar Kebbi a matsayin farfajiyar misalai. An nuna cewa kalmar "wuta" tana ɗauke da abubuwa daban-daban waɗanda na'urar take rarrabewa, kuma duk bayanin da bai rarrabe su ba yana iya jawo hasarar kaya. Daga ƙarshe an kawo shawarar kalmomin da za su iya ɗaukar wannan bambanci a Hausa.

Fitilun kalmomi: wuta, matsi, kwarara, turjiya, waya, keɓaɓɓun kalmomi

1.0 Gabatarwa

An fi sanin Aliero da noman albasa da kuma sana'ar ɗori. Sai dai tun daga 2006, shekarar da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a garin, aka samu wani rukunin jama'a da ke hulɗa da ƙananan kayan lantarki a kullum, wato ɗaliban kimiyya da na injiniya masu haɗa na'urori domin kundin kammala karatu ko domin sha'awa. Ban da su, akwai masu gyaran wayar hannu, sana'ar da ta bunƙasa bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, da masu haɗa sola da gyaran fitilun caji a kasuwanni irin ta Jega da ta Maiyama.

A kan teburin ƙwararren mai irin wannan aiki akan ga wani akwati mai fuska ɗauke da lambobi layi biyu, da abin murɗawa, da igiyoyi biyu, ja da baƙa. Masu sana'a suna kiran sa fawa-saflai, sunan da aka aro daga Ingilishi. Ana koyar da aiki da shi da Hausa, baki da baki, daga maigida zuwa yaron shago, amma rubutaccen bayaninsa da Hausa ya yi ƙaranci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda na'urar take aiki, ta kuma yi amfani da bayanin wajen gwada kalmomin da harshen yake da su.

2.0 Abubuwan da Kalmar "Wuta" ta Haɗe

Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar "wuta" ta ƙunshi lantarki, kuma faɗaɗawar ta wadatar a harkar yau da kullum: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Matsala tana tasowa ne a teburin gwaji. Idan maigida ya ce wa yaronsa "ƙara wuta", akwai abubuwa biyu da za a iya ƙarawa, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Ban ruwan albasa a fadama zai taimaka wajen fito da bambancin. Injin ban ruwa yana tura ruwa cikin tiyo da wani ƙarfi. Wannan shi ne matsi. Yawan ruwan da ke wucewa ta bakin tiyo a kowace daƙiƙa shi ne kwarara. Ƙuncin tiyo ko toshewarsa, wanda ke hana ruwa wucewa yadda yake so, shi ne turjiya. Haka abin yake a lantarki. Matsi ana auna shi da bolt, sunan da aka ɗauko daga Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. Kwarara ana auna ta da amfiya, daga sunan André-Marie Ampère na Faransa. Turjiya ana auna ta da om, daga sunan Bajamushe Georg Ohm, wanda ya wallafa a 1827 cewa kwarara tana daidai da matsi idan aka raba shi da turjiya. Abu na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wanda ake samu idan aka ninka matsi da kwarara, ana kuma auna shi da wat. Misalin ruwa yana da iyaka: ruwa yana zuba idan tiyo ya tsinke, amma lantarki ba ya kwarara sai hanyarsa ta zagayo ta koma inda ta faro.

Ruɗanin ba na Hausa kaɗai ba ne. Idan ƙwan lantarki ya dushe, fanka ta rage gudu, akan ji an ce "lo-karan" aka kawo. Kalmar Ingilishi da aka aro tana nufin ƙarancin kwarara, alhali abin da ya faɗi a zahiri shi ne matsi. Ke nan aron kalma bai warware matsalar ba, ya shigo da ita ne tare da kuskurenta.

3.0 Aikin Na'urar

Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya matsinta bolt 230 ne bisa ƙa'ida, kuma mai kai-komo ce, tana zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Ƙananan kayan lantarki kuwa wuta mai bin hanya ɗaya suke buƙata, kuma kaɗan. Ƙaramin ƙwan LED ja yana kamawa da kimanin bolt 2, ramin USB na asali yana ba da bolt 5, batirin litiyom na gama-gari yana cika a bolt 4.2, batirin mota kuma na bolt 12 ne. Caja tana ba da matsin da aka ƙayyade mata tun daga masana'anta. Mai gwaji kuwa yau yana aiki da bolt 3.3, gobe da 9, jibi da 19, don haka yake buƙatar na'urar da shi zai zaɓa mata adadi.

3.1 Hanyoyi Biyu na Rage Matsi

Tsohuwar hanya ita ce ta ƙone rarar matsi ta zama zafi. Shahararren misalinta shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren nan mai ƙafa uku, LM317, wanda kamfanin National Semiconductor na Amurka ya fitar a shekarun 1970, yake kuma ba da matsi daga bolt 1.25 zuwa 37. Ɗalibai suna son sa saboda araha da sauƙin haɗawa. Aibinsa ɓarna ce. Idan aka ba shi bolt 24 aka nemi bolt 5 a kwararar amfiya 1, wat 5 ne kawai za su yi aiki, wat 19 kuma su tafi a zafi.

Hanya ta biyu ita ce ta kunnawa da kashewa. Wani taransisto yana buɗe hanyar wuta yana rufewa sau dubbai a daƙiƙa guda, sannan naɗaɗɗiyar waya da kafasita su daidaita gutsattsarin wutar ta fita sumul. Domin samun bolt 5 daga 24, ana barin hanyar a buɗe kimanin kashi 21 cikin ɗari na lokaci. Tamkar manomi ne da ke buɗe bakin kwami yana toshewa a kai a kai, maimakon ya bar injin yana zubar da rarar ruwa a banza. Ɓarnar wannan hanya kaɗan ce, shi ya sa yawancin sababbin na'urori suke bin ta. Sharaɗin nau'inta mai ragewa shi ne matsin da ke shiga ya ɗara wanda ake son ya fita.

3.2 Iyakoki Biyu

Abin da ya raba wannan na'ura da caja shi ne ana sa mata iyakoki biyu, na matsi da na kwarara, kuma a kowane lokaci ɗaya ce daga cikinsu take mulki. A ɗauka an saita bolt 12 da iyakar amfiya 0.5. Idan aka jona abu mai turjiyar om 100, zai ja amfiya 0.12 kawai. Na'urar za ta riƙe bolt 12, fuskarta ta nuna haruffan CV, alamar tsayayyen matsi. Idan aka jona mai om 10, lissafin Ohm ya nuna zai nemi amfiya 1.2, wanda ya haura iyaka. Nan take na'urar za ta sauke matsi zuwa bolt 5 domin kwarara ta tsaya a 0.5, fuskar ta koma CC, alamar tsayayyiyar kwarara.

A nan ne bambancin kalmomi yake zama bambancin riba da hasara. Na'urar ba ta cusa kwarara. Kayan da aka jona ne yake jan abin da turjiyarsa ta ba da dama. Ɗaga iyakar kwarara ba ya cutar da lafiyayyen kaya, amma yana cire kariya daga mai lahani. Ɗaga matsi kuwa yana iya ƙone ko da lafiyayye. Mai gyaran waya yakan cire batir ya jona wayar da na'urar a kusan bolt 4, ya zuba wa layin amfiya ido. Idan lambar ta tashi tun kafin a danna makunni, ya san akwai inda hanyoyi biyu suka haɗe a ciki, abin da ake kira shot. Iyakar da ya sa ita ce ke hana wurin ƙonewa kafin ya gano shi. Yaron da aka ce wa "ƙara wuta" ya murɗa matsi maimakon kwarara, zai iya kashe wayar mutane a cikin ƙiftawar ido.

4.0 Umarni ta Iska

4.1 Yadda Saƙo Yake Tafiya

Ya kamata a kawar da wata fahimta tun da wuri: ba wutar ce take tafiya ta iska ba. Wuta tana nan tana bin igiya ja da baƙa. Abin da ke bin iska shi ne umarni da rahoto.

A tsohon samfuri, hannun mutum ne yake murɗa turjiyar da ke ƙayyade matsi. A sabon samfuri, wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ce take riƙe da adadin da aka zaɓa a matsayin lamba, tana auna abin da ke fita, tana gyarawa. Kwarara ana auna ta ne ta hanyar bi da ita cikin wata turjiya ƙanƙanuwa. Idan ta om 0.01 ce, amfiya 5 za su haifar da bolt 0.05 a tsakanin bakunanta biyu, daga nan ƙwaƙwalwar ta yi lissafi. Da zarar saiti ya zama lamba, ana iya aiko shi daga ko'ina. Sai a ƙara ɗan ƙaramin rediyo a cikin akwatin, manhajar da ke wayar hannu ta riƙa aika masa adadin da ake so, shi kuma yana mayar da abin da aka auna.

Hanyoyi biyu aka fi bi, Bluetooth da Wi-Fi, kuma a irin waɗannan na'urori dukansu suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4. Bluetooth, wanda aka faro a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1994, yana haɗa waya da na'ura kai tsaye a tazarar mitoci kaɗan, ba ya kuma cin data. Wi-Fi yana kaiwa nesa da haka. Abin da ya kawo shi teburin masu ƙaramin ƙarfi shi ne fitowar ESP8266 a 2014 da ESP32 a 2016 daga kamfanin Espressif na birnin Shanghai, ƙananan ƙwaƙwalwa masu rediyo a jikinsu da araha. Daga cikin na'urorin da suka yi suna a wajen masu sha'awa akwai DPS5005, mai kaiwa bolt 50 da amfiya 5, wadda ake samun ta da Bluetooth, da RD6006, mai bolt 60 da amfiya 6, wadda ke da nau'i mai Wi-Fi. Tsarin jera saƙon da suke amfani da shi, Modbus, tsoho ne, tun 1979 aka fitar da shi domin injinan masana'antu.

4.2 Amfani

Amfani na farko shi ne adana tarihin awo. Ido yana ganin lambar yanzu ne kawai, manhaja kuwa tana zana yadda matsi da kwarara suka sauya cikin sa'o'i. Cajin batirin litiyom misali ne mai kyau: ana fara shi da tsayayyiyar kwarara har matsi ya kai bolt 4.2, sannan a riƙe matsin, kwarara ta riƙa raguwa da kanta. Zanen yana nuna matakan biyu ƙarara, kuma jimillar abin da ya shiga tana ba da hasken ko batirin ya kai adadin da aka rubuta a jikinsa.

Na biyu shi ne kariya. Idan aka haɗa na'ura da kwamfuta ta igiyar USB, kuskure a teburin gwaji yana iya bin igiyar ya lalata kwamfutar. Iska ba ta ba shi wannan hanya. Na uku shi ne koyarwa: malami zai iya haska fuskar manhajar a bango, aji guda ya ga lokacin da CV ta koma CC, maimakon ɗalibai su yi cincirindo a kan akwati ɗaya. Gani ya kori ji.

4.3 Haɗari

Sauƙin umarni yana tafe da sauƙin kuskure. Abin murɗawa yana hawa sannu a hankali, amma a manhaja yatsa zai iya rubuta 42 a maimakon 4.2. Haka kuma yankewar sadarwa ba ta nufin wuta ta yanke. Na'urar tana iya ci gaba da bin umarnin ƙarshe da ta karɓa alhali mai ita ya rasa hanyar tsayar da ita daga nesa. Sannan na'urar da ke kan Wi-Fi na jama'a tana iya karɓar umarni daga wanda ba mai ita ba idan babu kariya. Saboda haka ƙa'idojin aiki uku ne: a saita iyakokin kashe-kai na matsi da kwarara a jikin na'urar kafin a jona komai, a tabbatar da lambobi kafin a saki wuta, kuma kada a bar batirin litiyom yana caji babu mutum a kusa don kawai ana kallon sa ta waya.

5.0 Dacewarta da Yankin

Irin su DPS5005 da RD6006 ba sa karɓar wutar gida kai tsaye. Wuta mai bin hanya ɗaya suke so. Wannan ya dace da shagon da ya dogara da sola, domin ana iya jona su da batir ba tare da an bi ta inbata ba, a tsira daga ɓarnar juya wuta sau biyu. Sai dai sharaɗin da aka ambata a 3.1 yana nan: batirin bolt 12 ba zai ba da bolt 19 da yawancin kwamfutocin cinya suke buƙata ba, sai an jera batura biyu sun ba da 24, ko a nemi nau'in da ke iya ɗaga matsi.

Yanayi ma abin lura ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin wannan yanki yana haura digiri 40, kuma na'urar da ke cikin rumfar kwano tana farawa ne da zafin da ya riga ya yi yawa, don haka bai kamata a kai ta ƙarshen ƙarfinta ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka da kafofin iska. Wat 19 da tsohuwar hanya take zubarwa a zafi sun fi zama matsala a Aliero a watan Afrilu fiye da a ƙasashen da aka ƙera na'urar.

6.0 Batun Kalmomi

Bayanin da ya gabata ya dogara ne a kan hanyoyi uku da Hausa ta saba bi wajen samar da kalmomi. Ta farko ita ce aro, wanda ya fi dacewa da ma'aunai, tun da sunayen mutane ne kuma duniya ta tafi a kansu: bolt, amfiya, om, wat. Tsarin sautin harshen ya yi aikinsa a kansu, inda /v/ ta koma /b/, /p/ kuma ta koma /f/. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'ana, wadda ta fi dacewa da ra'ayoyi: matsi daga "matsa", kwarara, turjiya daga "turje". Fifikonsu a kan ararrun kalmomi shi ne suna ɗauke da hoton abin da suke nufi, har yaron da bai yi karatun kimiyya ba zai gane cewa abin da ya turje yana rage kwarara. Ta uku ita ce ƙira da ɗafa-goshin "ma-" na sunan kayan aiki, kamar a mabuɗi da ma'auni. A kan wannan ake ba da shawarar "madaidaicin wuta". Sai dai sunan yana iya karo da sitabilaiza ta gida, wadda ita ma daidaita matsi take yi, don haka a rubutu zai buƙaci ƙarin "na gwaji".

Kalmar "waya" tana da tata sarƙaƙiya. An aro ta da ma'anar zaren ƙarfe, ta faɗaɗa ta ƙunshi saƙon tangaraho, har aka samu "buga waya" da "gidan waya", sannan tarho, sannan wayar hannu wadda ba ta da zare ko ɗaya. Sakamakon haka, jimlar "ana sarrafa ta da waya ba tare da waya ba" daidai take a nahawu da ma'ana, amma ba ta koyar da kowa komai. Shi ya sa a wannan maƙala aka keɓe "igiya" ga abin da ake jonawa, "wayar hannu" ga tarho, "ta iska" kuma ga hanyar saƙo.

Manazarta Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki ga fanninsu. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma da irinsu ake koyarwa a sassan Hausa har yau. Fannin lantarki yana buƙatar makamancin wannan, da bambanci ɗaya: masu amfani da kalmomin suna kasuwa, kuma sun riga sun yi nisa da nasu. Kalmar da aka ƙirƙira a ofis ba za ta kori "shot" ko "caja" ba, babu kuma dalilin korar su. Inda ake buƙatar sa hannu shi ne inda kalmar kasuwa take haɗe abubuwa biyu da ya wajaba a raba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa madaidaicin wuta na gwaji yana aiki ne da iyakoki biyu, ta matsi da ta kwarara, kuma samfurin da ke karɓar umarni ta iska bai sauya wannan tushe ba. Ya mayar da saiti lamba ne, ya ƙara adana tarihin awo, ya kuma buɗe sababbin ƙofofin kuskure. An ga cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki bayanin, muddin aka daina ɗora wa "wuta" nauyin ma'anoni huɗu a wurin da awo yake da muhimmanci. Aikin da ya rage na fili ne: a tattara kalmomin da masu gyara suke amfani da su a Jega da Aliero da Maiyama, a kwatanta su da na Kano da Sakkwato, a gwada matsi da kwarara da turjiya a bakin masu koyon sana'a, a ga waɗanda za su zauna. Kasancewar jami'ar kimiyya da shagunan gyara a yanki ɗaya ya sa wannan bincike mai yiwuwa ne ga manazarcin harshe da injiniya idan suka haɗa hannu.